Bakin saksofon: abin da ɗan koyo zai duba kafin ya biya kuɗi

A ƙasar Ƙaraye da Rogo busa ba baƙuwa ba ce. Ranar hawan Sallah algaita da kakaki ne ke share wa sarki hanya, kuma duk juyin da masarautar ta sha, daga ɗaga ta a 2019, zuwa rushe ta a watan Mayun 2024, zuwa dawo da ita a Yulin shekarar da ƙananan hukumomin Ƙaraye da Rogo a ƙarƙashinta, bai raba fada da masu busa ba. Can kuma a Kusalla, inda sansanin masu yi wa ƙasa hidima na Jihar Kano yake, duk sanda aka shigo da sabon rukuni sai an yi mako uku ana jin badujala safe da yamma. A irin wannan badujala, ko ta 'yan sanda da sojoji, ko kuma a waya, matashi kan fara ganin ƙahon nan mai ruwan zinariya da ake kira saksofon, ya ji ransa ya biya.

Da wuya ɗan koyo a nan ya fara da sabo fil daga kwali. Ko dai na aro ne, na makaranta ko na ƙungiya, ko kuma na gwanjo da ya sha hannu. Wannan ba laifi ba ne. Abin da ya kamata ya zama naka na kanka shi ne ɗan baƙin abin nan da ake cusa wa a ƙarshen wuyan ƙahon, wanda tsawonsa bai wuce tafin hannu ba. Shi ne bakin busa, kuma a nan sauti yake fitowa. Sauran jikin, da tarin maɓallansa, aikinsa kawai ya tsawaita hanyar iska ko ya gajarta ta. Saksofon mai tsada da mummunan baki zai sa ka tsani busa tun ba a je ko'ina ba. Mai araha da baki nagari, muddin jikinsa ba ya yoyon iska, zai kai ka shekaru.

Wanda ya tashi a ƙauye, ya taɓa yanko karan dawa bayan girbi, ya rarake shi, ya tsaga ɗan siririn harshe a jikinsa ya busa, ya riga ya san yadda abin yake aiki. Tilliɓoro ke nan, kuma a wajenmu shi ne ɗan'uwan saksofon na jini, ba algaita ba. Harshe ɗaya ne yake kaɗawa, yana buɗe hanyar iska yana rufewa sau ɗaruruwa a daƙiƙa guda. Abin da Adolphe Sax, mutumin Beljiyam, ya yi rajistarsa a Faris a 1846 shi ne haɗa irin wannan baki mai harshe ɗaya da jikin tagulla mai faɗaɗa daga sama zuwa ƙasa. Bambancin dai, a saksofon harshen daban yake zuwa. Fallen kara ne da aka fere shi ya yi siriri a tsini, masu sana'ar suna kiransa rid, ana shimfiɗa shi a ƙasan bakin busa a matse shi da maɗauri mai kusoshi.

Algaita kuwa harshe biyu gare ta, kuma mai busa ta cusa su yake yi gaba ɗaya cikin bakinsa, leɓɓansa su tsaya a jikin ɗan faifan da ke bayansu. Ba ya taɓa harshen da leɓe ko haƙori. Kumatu yake cikawa tim, yana shaƙar iska ta hanci yana turo ta kumatun, shi ya sa za ka ji busar ba ta yankewa. Gwaninta ce babba, amma idan ka kawo ta saksofon a watanninka na farko za ta ɓata maka aiki. A nan haƙoranka na sama suna zaune a kan bakin busa, leɓenka na ƙasa ya ɗan lulluɓe haƙoran ƙasa ya zama matashin rid, sasannin bakinka su rungume abin ta ko'ina, kumatu kuma ba sa kumbura. Na tsaya a kan wannan ne don kunnen da ya saba da algaita ƙarfin amo yake nema, kuma neman ƙarfin amo shi ne yake kai ɗan koyo ga sayen bakin da ya fi ƙarfinsa.

Kafin komai ka tabbatar wane irin saksofon ne a hannunka. Waɗanda aka fi gani biyu ne, alto da teno. Teno ya fi girma da kaurin murya, wuyansa yana da ɗan doro. Alto ya fi sauƙin ɗauka, shi ya sa akasari da shi ake farawa. Bakin wannan ba ya aiki a wancan, haka ma rid ɗinsu. Ka faɗa wa mai kanti wanne kake nufi, kada ka ce "bakin saksofon" ka yi shiru.

Yanzu ga inda maganar take. Ka ɗaura rid, ka ɗaga bakin busar wajen haske ka dube shi ta gefe. Za ka ga a can tsini rid bai manne da shi ba, akwai 'yar rata tsakaninsu. Ga ɗan koyo wannan ratar ce kusan komai. In ƙarama ce, iska kaɗan ta isa ta kaɗa rid, sauti ya fito ba da kokawa ba, kuma ya tsaya inda aka ajiye shi, ba ya hawa ba ya sauka. In babba ce, tana cin iska da yawa, tana ba da amo mai ƙarfi, tana barin gwani ya lanƙwasa sauti yadda yake so. Amma wannan 'yancin leɓe mai ƙwari yake buƙata, irin wanda sai an yi shekaru ana gina shi. Ɗan koyo da ya ɗauki mai babbar rata, leɓensa zai gaji cikin 'yan mintoci, sai ya koma cizo da haƙori don ya rufe ratar da kansa. Daga nan sai tsuwa, sai ƙananan sautuka su ƙi fita, sai cikin leɓe ya yi rauni. Mafi muni, cizon ya zama ɗabi'a, kuma cire ta ya fi koyon busar wuya.

Ratar da milimita ake auna ta, kuma bambancin ɗan mitsitsi ne a ido amma babba a baki. A bakunan alto na kamfanin Yamaha, mai lamba 4C ratarsa milimita 1.60 ce, 5C tana da 1.70, 6C kuma 1.80. Na teno mai lamba 4C yana da 1.70. Bakin Vandoren AL3, wanda masu kiɗan gargajiyar Turai suke so, 1.52 ne. Ka kwatanta da bakin teno na Otto Link mai lamba 7*, wanda masu kiɗan jaz da yawa suke amfani da shi, da ya haura milimita 2.6. Sai dai ka kula, lambar wani kamfani ba ita ce ta wani ba. Biyar ta Meyer ta fi biyar ta Yamaha faɗi, ta fi kusa da shidansu, shi kuwa Selmer da haruffa ma yake lissafi, C*, D, E. Don haka kada wani ya ce maka "ni biyar nake busawa" ka tafi neman biyar. Ka tambaye shi biyar ta wane kamfani.

Hukuncina a nan ba shi da kwana-kwana: ɗan koyo ya sayi Yamaha 4C, na alto ko na teno. Shi ne yake zuwa a cikin akwatin saksofon ɗin 'yan koyo na kamfanin, malamai a ƙasashe da dama da shi suke fara ɗora yara, kuma babbar falalarsa ita ce ana ƙera shi iri ɗaya, wanda ka saya yau da wanda abokinka ya saya bara ba su da wani bambanci. Selmer S80 C* ma nagari ne ƙwarai, mutum zai iya riƙe shi har ya zama gwani, amma kuɗinsa ya ninka na 4C sau da dama, kuma a shekararka ta farko kunnenka ba zai ji abin da ka biya ba. Shi kuwa bakin da ba shi da suna ba shi da lamba, irin wanda ake jefowa a akwatin saksofon mai araha, sa'a ce. Wani yana busuwa, wani kuma tun daga masana'anta a karkace yake. Araha ba ta ado.

Ba a zaɓar bakin busa shi kaɗai, tare da rid ake zaɓarsa. Rid yana da lambobi daga 1½ har zuwa 5, ana hawa rabi-rabi, kuma lambar taurinsa take nunawa. Ƙa'idar ita ce ƙaramar rata tana ɗaukar rid mai ɗan tauri, babbar rata tana son mai laushi. Amma leɓen da bai ƙosa ba laushi yake so ko da ratar ƙarama ce. Ka fara da 2 a kan 4C, bayan wasu watanni ka koma 2½. Yaro ƙarami zai iya fara makonninsa na farko da 1½. In rid ya yi maka tauri za ka ji hucin iska yana bin sautin, kanka ya riƙa juyawa, fuskarka ta gaji da wuri. In ya yi laushi da yawa sautin zai zama siriri mai zizar ƙuda, manyan sautuka su faɗo ƙasa ko rid ɗin ya rufe gaba ɗaya in ka matsa. Akwai masu ɗaukar lambar rid kamar igiyar soja, wai mai busa 4 ya fi mai busa 2½. Ba haka ba ne, gwanaye da yawa ba su wuce 2½ ko 3 ba har suka tsufa.

Kwalayen rid da za ka fi cin karo da su biyu ne: Rico mai ruwan goro, wanda yanzu kamfanin D'Addario ke yi, da Vandoren mai shuɗin kwali. Na Vandoren ya ɗan fi tauri, 2 ɗinsu ta kusa 2½ ta Rico. Daga wani kara mai kama da gora ake fere su, Arundo donax, wanda aka fi sanin na yankin Var a kudancin Faransa. Tun da tsiro ne, a kwali mai goma ba za ka sami goma iri ɗaya ba. Saboda haka kada ka yanke wa bakin busa hukunci da rid guda.

Sauran abin da ake magana a kai, siffar cikin bakin ce. In ka leƙa ta inda rid yake kwanciya za ka ga rufin ciki, ganɗarsa ke nan, sannan kogon da ke bayanta. Ganɗar da ta sauko kusa da rid tana matse iska ta ba da sauti mai kaifi mai huda kunne. Wadda ta yi nisa, da kogo mai faɗi, tana ba da mai taushi da kauri. Ɗan koyo ya tsaya a tsaka-tsaki, kuma 4C a nan yake. Game da abin da aka ƙera shi da shi, akwai na filastik, akwai na baƙar roba mai tauri da ake kira ebonait, akwai na ƙarfe. Na ƙarfe ya fi ɗaukar ido, kuma shi matasa suke gani a bidiyo su ƙwallafa rai. Gaskiyar magana, ba ƙarfen ne yake sa ƙara ba, yankan cikin ne da faɗin ratar, kuma yawancin na ƙarfe an yanka su ne don gwanaye. Ka bar shi tukuna. Charlie Parker, wanda har yau ake koyi da busarsa ta alto, da saksofon ɗin filastik ya yi shahararren wasansa na Toronto a 1953. Yusef Lateef kuwa, gwanin teno daga Amurka, zuwa ya yi ya zauna a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya daga 1981 zuwa 1985 yana nazarin sarewar Fulani, abin busar da ba shi da rid ba shi da maɗauri, sai leɓe da numfashi. Babban gwani irinsa ya zo koyo a wajen masu sarewa.

Sayen kansa, zuwa da kai ya fi aike. Kantunan kayan kiɗa a Sabon Garin Kano suke da yawa, ɗan Rogo kuwa Zariya ta fi masa kusa. Ka cire wuyan saksofon ɗinka ka tafi da shi, da rid biyu ko uku naka, in da hali kuma da wanda ya iya busa. Ka fara duba tsinin bakin a wajen haske. Ko ƙwarzane kaɗan ko ɓantarewa a wurin ta isa ka ajiye shi, don a nan rid yake rufewa. Ka dubi siraran gefuna biyu da suka taso daga tsinin, su zama kaurinsu ɗaya, ba wanda ya fi wani. Ka shafa shimfiɗar da rid yake kwanciya a kai, ta zama sumul. In na gwanjo ne, ka dubi saman inda haƙori yake zama. 'Yar shaidar haƙori ba komai, rami mai zurfi ko tsaga a gindi kuwa a'a. Jabun 4C suna yawo, musamman a kasuwannin intanet, don haka in farashin ya faɗi ƙasa fiye da hankali, ko rubutun jikin ya yi dishi-dishi, ko ka ga tsinin da kaushi, ka wuce.

Sai gwajin zuƙa, wanda ba ya cin ko sisi. Ka jiƙa rid, ka ɗaura shi daidai, tsininsa ya yi kai ɗaya da tsinin bakin. Ka toshe gindin bakin da tafin hannunka, ka sa shi a baki ka zuƙe iskar ciki, sannan ka zare leɓɓanka. In komai lafiya, rid zai manne na daƙiƙa ɗaya ko biyu sannan ya buɗe da 'yar ƙara, ɗas. In bai manne ba ko kaɗan, iska tana zurarewa. Ka sake da wani rid. In duk ukun sun ƙi, laifin bakin ne.

Daga nan ka cusa shi a wuyan. Ƙarshen wuyan an naɗe shi da wani ɓawon itace mai laushi da ake kira kok. Bakin ya shiga da 'yar murɗawa, ya rufe kamar rabin kok ɗin ko fiye kaɗan, ya zauna daram. In ya yi tsauri, akwai ɗan man da ake shafa wa kok, kada ka tura da ƙarfi ka lanƙwasa wuyan. In ya yi sako-sako, naɗa 'yar takarda zai fisshe ka na ɗan lokaci, amma maganin shi ne a sake kok. Ka duba kuma maɗaurinka ya kama sabon bakin, don maɗaurin bakin ƙarfe ba ya shiga bakin roba.

Nawa za ka sa a bakinka? Ka zura 'yar takarda a hankali tsakanin rid da bakin busa. Inda ta tsaya, nan ne rid ya rabu da shimfiɗarsa, kuma daidai nan leɓenka na ƙasa zai zauna. In ka sa ƙasa da haka sauti zai shaƙe, in ka wuce zai yi gurnani da tsuwa. Ka sauke manhajar auna sauti a wayarka, akwai na kyauta da yawa. Ka busa bakin haɗe da wuyan kawai, ba jikin. Na alto ya kamata ya nuna Ab, wasu manhajojin G# suke rubutawa, abu ɗaya ne. Na teno ya nuna E. In allurar tana can sama da haka, cizo kake yi, ka saki muƙamuƙi ka ƙara iska daga ciki. In ka iya riƙe sautin nan ya tsaya cak na daƙiƙa goma ba tare da jijiyar wuya ta tashi ba, bakin ya dace da kai. Wannan atisayen ba shi da daɗin ji ko kaɗan, don haka ka nemi bayan gari ko gona, kuma ka kiyaye lokutan salla da na barcin maƙwabta.

Littattafan koyon busa na Turai ba su san hunturunmu ba, saboda haka a nan sai ka kula da kanka. Daga Disamba zuwa Fabrairu iska bushe take ƙayau, rid kuma kara ne. In ya jiƙe ya bushe da gaggawa tsininsa yakan yi kwarkwaro, bayansa ya bar kwanciya daidai. Ka tsoma shi a ruwa mai tsabta na minti ɗaya ko biyu kafin busa, yawu kaɗai ba ya isa a wannan lokacin. In ka gama ka cire shi, ka goge, ka mayar da shi gidansa na filastik. Kada ka bar shi ɗaure a baki ya kwana. Ka riƙe uku ko huɗu kana juya su, sun fi daɗewa a haka. Da damina kuma matsalar juyewa take, rid da aka rufe da danshi yakan yi fumfuna, kuma wanda ya yi baƙi-baƙi yarwa ake yi. Akwai rid na roba, irin na kamfanin Légère, wanda ba ya jin hunturu ba ya jin damina. Guda ɗaya yana da tsada, amma yana yin watanni, kuma ga wanda ke nesa da kanti abin dubawa ne bayan ya san lambar da ta dace da shi.

Zafi ma yana da nasa aikin. Da bazara, in saksofon ya ɗau zafi, sautinsa hawa yake yi, sai ka ɗan zaro bakin daga kok. Da sanyin asubahin hunturu sauka yake yi, sai ka ɗan tura shi ciki. Ba lalacewa ba ce. Bakin ebonait kuwa ba ya shiri da rana ko ruwan zafi, yakan koɗe ya koma kore-kore, har shimfiɗarsa ta iya karkacewa. Da ruwan sanyi da ɗan sabulu ake wanke kowane irin baki, na gwanjo tun kafin ya taɓa leɓenka. Ka kuskure baki kafin busa, musamman in ka ci goro ko ka sha rake ko zoɓo, don zaƙin yana bin iska ya sauka a fatun maɓallai su riƙa mannewa. Kuma ko da saksofon ɗin na ƙungiya ne ana karɓa-karɓa, baki da rid kowa ya riƙe nasa, mura da ciwon baki ta nan suke yawo.

Maganar sauya baki ba ta taso ba sai ka yi shekara ɗaya ko biyu, ka iya fitar da sauti mafi ƙasa a hankali ba tare da ya fashe ba, kuma ka ji da kunnenka abin da 4C ya kasa ba ka. A lokacin sai ka hau mataki ɗaya, 5C ko 6C, ko Meyer mai lamba 5 in jaz ko hailaif kake so.

Kafin nan, in ƙananan sautuka sun ƙi fita duk da baki nagari da rid mai laushi, kada ka koma kanti neman wani baki. Ka miƙa wa wanda ya iya ya gwada saksofon ɗin da nasa bakin. In shi ma ya sha wuya, fatun maɓallan ne suke yoyo, abin da ya zama ruwan dare a na gwanjo. Kuɗin da ka so kashewa a bakin ƙarfe, ka kai wa mai gyara ya sauya maka su.